Ranar Da Katin Injiniya Ya Wuce

Injin karɓar kuɗi ya yi ɗan ƙugi, ya yi shiru, sannan ya turo takarda. Kuɗi sun wuce.

Auta ta tsaya da injin a hannu kamar an dasa ta. Ta dubi takardar, ta dubi saurayinta Injiniya, ta sake duban takardar. Babban firji, murhun gas, da jerin tukwanen nan masu tsada waɗanda tun da aka kawo su shagon babu mai taɓa su sai ƙura. Duk a tashi ɗaya, kuma katin ko tari bai yi ba.

Maimakon murna, gabanta ne ya faɗi.

"Ya wuce?" in ji Umma daga kan kujerarta ta bakin ƙofa, tana leƙowa ta saman tabarau.

"Ya wuce, Umma."

"Duka?"

"Duka."

Injiniya ya zare katinsa da sauri, ya dunƙule shi a tafin hannu. Tun farko ma shi ya zura shi cikin injin da kansa, yana kare shi da ɗayan hannun, alhali a da miƙo mata yake yi yana tsokanarta wai ta lallaɓa injin kada ya kunyata shi. Yau ko ido bai bari sun haɗa ba. Ya je gaban Umma ya durƙusa, ya buɗe tafin nasa ya nuna mata wani abu, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Sai ga Umma da fara'a har kunne, tana sa masa albarka.

Auta ta ji kamar mafarki take yi. Umma ce fa. Umman da ko gaisuwarsa ba ta amsawa sai da ƙyar.

Shi saurayin mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki, Auta ce ta laƙaba masa Injiniya don tsokana, sunan ya bi shi. Umma kuwa Ɗan Debit take ce masa, kuma sunan yana da tarihi. Farkon zuwansa neman Auta, ya ce zai sayi filas guda don ya yi wa shagon ciniki. Aka zura katinsa, inji ya ce kuɗi ba su isa ba. A gaban Umma, a gaban mata uku masu zaɓen faranti. Ya yi dariya ya ce gobe zai dawo, ya kuwa dawo ya saya, amma Umma ba ta taɓa yafe masa wannan filas ba.

Ita Umma tana da nata karatun game da kati, kuma babu malamin da ya isa ya gyara mata shi. In wayarta ta yi ƙara ta ga kiredit, kuɗi sun shigo. In ta ga debit, an kwashe. Saboda haka mai katin kiredit mutum ne da kuɗi ke shigar masa, mai katin debit kuwa kullum nasa fita suke yi. Shi ke nan, an rufe littafi.

Auta ta yi bayani har bakinta ya gaji. Ta ce katin debit kuɗinka ne da ke cikin asusunka, in sun ƙare ya tsaya. Katin kiredit kuɗin banki ne, ara maka ake yi, in lokaci ya wuce ba ka biya ba a ɗora maka ruwa.

"Ke tafi can," Umma za ta ce. "Ni za ki koya wa bashi? Bashi da takardu ake cinsa, da shaidu, da mai tsaya maka. Na gani da idona lokacin mahaifinki. Wannan kuwa girmamawa ce banki ke yi wa manya. Kin taɓa ganin katin Ɗan Banki ya ƙi wucewa?"

Ɗan Banki shi ne ɗaya manemin. Ma'aikacin banki ne, mai mota, mai turare, mai murmushin da ba ya kaiwa ido. Katinsa kam bai taɓa ƙi ba. Shi Umma ke so, Auta kuma ko muryarsa ta ji sai ranta ya ɓaci.

Ranar nan har aka loda kaya a mota Injiniya bai tsaya sun yi magana ba. Ya ce sauri yake, zai kira ta. Bai kira ba.

Washegari da safe suna buɗe shago, wayar Umma ta yi ƙara. Ta ɗaga ta duba, ta ɓata fuska.

"Auta, zo ki gani. Kuɗin jiya ba su cika ba. Waɗannan masu injin ɓarayi ne wallahi, dubi abin da suka yanke."

Auta ta karɓi wayar. Kallo ɗaya ta yi ta gane.

Duk cinikin da aka yi da kati, kamfanin injin yana yankar rabonsa kafin ragowar ta faɗo asusun shago. In katin debit ne, ɗan tsito suke ɗauka, ba ka ma ji. In na kiredit ne, yanka ne mai zafi. Ita ke riƙe da injin nan kullum, ta san bambancin kamar yadda ta san hanyar gidansu. Wannan yankan na kiredit ne. Kuma a duk masu saye a shagon, mutum ɗaya ne cinikinsa ke zuwa da irin wannan yanka.

"Umma, me ya nuna miki jiya a hannunsa?"

"Tsakanina da ɗana ne."

Ɗana. Jiya-jiya Ɗan Debit, yau ɗana. Auta ta koma bayan kanta ta zauna a kan kwalin fanka.

Sai ta tuna. Kwanakin baya Injiniya ya ce mata an kira shi gyaran na'urar sanyaya ɗaki a gidan Ɗan Banki, har ta ce kada ya je, ya ce aiki aiki ne. Ya shiga har ɗakin kwanan mutumin. To in katin yana ajiye a kan tebur fa? In ya gani, zuciya ta raya masa fa?

Ta yi saurin neman tsari daga wannan tunani, amma tunanin bai tafi ba. Ta san abin da ya sami mai shagon takalma na kusa da su. Wani ya zo ya kwashi kaya da katin sata, mai katin ya kai ƙara banki, banki ya janye kuɗin daga asusun shagon, ga kaya sun tafi, ga 'yan sanda suna ta sintiri a ƙofarsa. Da katin kiredit, mai kati ake fara saurara, mai shago ya yi ta rantse-rantse.

In kuwa ba sata ba ce, to Ɗan Banki ne ya ba shi da kansa. Kuma me mutum zai bayar kafin abokin takararsa ya miƙa masa kati? Ko sayen sa aka yi ya bar ta, kayan nan kuma na wata ce daban? Ai bai ce na gidansu ba ne. Ita ce ta ɗauka haka.

Ta ji kunyar kanta, ta ji tsoro, ta ji haushinsa, duk a lokaci guda. Ta yafa mayafi ta ce wa Umma za ta je ta dawo.

Rumfar Injiniya tana bayan layin masu walda. Tsofaffin firji a jere babu ƙofofi, tukwanen gas ɗin sanyi a kusurwa, ƙasa duk baƙin mai. Ga sabon firjin can a cikin kwalinsa, ya lulluɓe shi da leda, tukwanen a kai. Shi kuma yana durƙushe bayan wani tsohon firji, rabin jikinsa a ciki.

Ya ɗago ya gan ta, sai sukudireba ta faɗi daga hannunsa.

"Auta. Ke ce da rana haka? Bari in goge miki benci."

"Bar shi. Ba zama na zo yi ba. Nuna min katin."

"Wane kati?"

"Kada ka raina min hankali, Injiniya. Wanda ka ɓoye a hannu jiya kamar ka sato nama a tukunya."

Ya miƙe a hankali yana goge hannu da tsumma. "Kamar na sato," ya maimaita. "Abin da ya kawo ki ke nan?"

"Ban ce ka sata ba."

"Idonki ya ce."

Hawayen da take riƙewa tun daga shago suka zubo. "To me kake so in ce? Mutumin da na sani, in kuɗinsa sun ƙare dariya yake yi ya ce sai gobe. Jiya ka kwashi kayan da aikinka na wata da watanni ba zai saya ba, ka ƙi kallona, ka ƙi kirana. Yau na ga yankan da aka yi mana, na kiredit ne. Ka shiga gidan mutumin nan. Ka faɗa min gaskiya ko da za ta kashe ni, katinsa ne?"

Ya sa hannu a aljihu, ya zaro katin ya ɗora a tafinta. Sabo fil, yana sheƙi. Ta share ido ta karanta sunan da ke kai. Sunansa ne.

Ta sauke ajiyar zuciya, amma kafin numfashin ya gama fita wani tsoron ya maye gurbin na farko.

"Wa ya ba ka?"

"Banki."

"Wane banki ne zai kalli rumfar nan ya ba ka katin da zai ɗauki firji da murhu? Wa ya sa hannu?"

Ya sosa ƙeya. "Shi ne ya taimaka."

"Shi wa?"

"Kin sani ai."

Sai a lokacin ta zauna a kan bencin, da man da komai.

Ya tsuguna a gabanta yana magana da sauri, kamar wanda ya daɗe yana maimaita zancen a ransa. Ya ce ranar da ya je gyaran nan, Ɗan Banki ya karɓe shi hannu biyu. Ya ce masa shi ya haƙura, ya ga inda zuciyar yarinya take, ba zai tsaya a tsakani ba. Ya ce matsalarsa ɗaya ce, Umma, kuma shi ya san maganin Umma. Ya kawo masa takardun har rumfa, cikin 'yan kwanaki kati ya fito.

"Kuma ka yarda."

"Auta, kin san yadda nake ji in na shigo shagonku? In gaishe da mahaifiyarki ta kalli bango? Yaran layinku har Ɗan Debit suke kirana in na wuce. Ni ma ɗa ne, ina da zuciya. Jiya ta ce min Allah ya yi min albarka. Tun da nake zuwa ban taɓa jin wannan daga bakinta ba."

Muryarsa ta karye a ƙarshe, ita ma ta ji abin har cikin ranta. Tausayinsa ya kama ta, amma tausayi bai hana ta ganin ramin ba.

"Ka manta Baffa?"

Ya sunkuyar da kai.

Baffa ƙanin mahaifinta ne, kuma shi ke da ikon ba da aurenta. Mahaifin ya rasu da bashin banki a wuyansa, ruwa yana hawa kan ruwa, har aka zo za a rufe shagon. Baffa ne ya sayar da motarsa ta haya, wadda da ita yake ci da iyalinsa, ya fanshi shagon. Tun daga nan ya kafa sharaɗi ɗaya tak. Ya ce talaka ya zo, gurgu ya zo, zai ba shi Auta in tana so, amma mai bashin banki a kansa ko ƙofar gida kada ya tako. Kuma a ƙarshen makon nan ne aka shirya Injiniya zai je gabansa.

"Ba zai kai ga ruwa ba," in ji Injiniya. "In na biya kafin lokacin da suka sa ya cika, ko sisi ba za su ɗora ba. Haka tsarin yake, na tambaya. Akwai otal ɗin da na yi wa babban aiki, ƙarshen wata za su biya ni, in rufe komai. Baffa ba zai ma ji ba."

"Wa ya samo maka aikin otal ɗin?"

Ya kawar da kai.

"Injiniya, wa ya samo maka?"

"Mai otal ɗin abokinsa ne."

Auta ta yi wata dariya marar daɗi, hawaye na gudu. "Shi ya ba ka kati. Shi ya ba ka aikin da za ka biya katin. Abokinsa ne zai ga dama ya biya ka ko ya ce ka dawo wata mai zuwa. Kai da za ka saurari firji daga nesa ka faɗi abin da ke damunsa, ba ka ji ƙarar wannan ba?"

"Ba kowa ne mugu ba, Auta."

"Ba kowa ba, amma shi fa? Mutumin da har shekaranjiya yake aiko min da saƙo, shi ne ya haƙura?"

Ya ɗago da sauri. "Yana aiko miki da saƙo? Ba ki faɗa min ba."

"Kai ka faɗa min naka?"

Suka tsaya kallon juna, kowa da abin da yake zargi. Can bayan rumfa mai walda ya kunna injinsa.

Ita ce ta fara saukowa. Ta matso, ta rage murya.

"Saurara. Kayan nan ba ka buɗe su ba. Ka mayar da su shago yau, in mayar maka da kuɗin cikin katin ta injin. Yankan da aka yi mana ni zan san yadda zan cike shi. Bashin ya goge, ka je gaban Baffa da hannunka fes."

"In ɗauko firji in ratsa kasuwa da shi, in ajiye a gaban Umma in ce na fasa? Kashe ni kike so ki yi a tsaye?"

"Umma harara za ta yi maka, ka saba. Baffa in ya ce a'a, an gama. Ka zaɓa, raini ko rabuwa."

Ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, ya fasa. Ya juya ya dafa kwalin firjin, ya daɗe a haka.

"Me ka nuna wa Umma jiya?" ta tambaya, duk da ta riga ta sani.

"Katin. Na ce mata na kiredit ne."

Auta ta miƙe zumbur. Umma ba ta iya riƙe abin daɗi a ciki, kafin la'asar rabin kasuwa za su ji. Ta ce masa ta tafi, in yana sonta ya biyo ta da kayan, ba ta tsaya jin amsa ba.

Tun daga nesa ta hango motar Ɗan Banki a ƙofar shago. Da ta matso sai ta ga takalman Baffa a bakin tabarmar da Umma ke shimfiɗa wa manyan baƙi.

Baffa yana zaune da carbinsa, Ɗan Banki a gefe ya naɗe ƙafa kamar ɗan gida. Ta durƙusa ta gaishe su.

"Baffa, ban san yau za ku shigo ba."

"Ni ma ban sani ba," in ji Baffa. "Wannan bawan Allah ne ya gan ni a tasha ya ce lallai sai ya rage min hanya, ya ce mu biyo mu gaisa da mahaifiyarki."

A tasha. Mutumin da ofishinsa ke can wani ɓangaren gari. Auta ta kalle shi, ya yi mata murmushi.

Ta yi ƙoƙarin haɗa ido da Umma, ta yi mata alama da kai, ta ce, "Umma, zo ki ga wani abu a ciki." Umma ta ce ta bari tukuna, ba ta ga baƙi ba?

Ɗan Banki ya waiga yana duban wurin da babu komai a jikin bango.

"Umma, ina babban firjin nan? Na so in saya wa ƙanwata."

"Ai ka makara, ɗan nan," in ji Umma, tana gyara zama. Ta juya ga Baffa. "Dama ina so in faɗa maka. Yaron nan mai gyaran firji, na janye maganata a kansa. Ashe Allah ya buɗa masa. Jiya ya kwashi firji da murhu da tukwane, ya biya nan take. In ya zo wurinka ka karɓe shi, na amince."

Abin da Auta ta shekara tana roƙon Allah ta ji daga bakin Umma ke nan. Ga shi ta ji, kuma ji take kamar ta toshe mata baki.

"Masha Allah," in ji Baffa. "Tarawa ya yi?"

"Wace tarawa? Banki ne ya ɗaga darajarsa. Ya bar katin talakawa, yanzu na kiredit gare shi. Da idona na gani, irin na wannan yaron sak."

Carbin ya tsaya a hannun Baffa.

"Na kiredit," ya ce a hankali. Ya juyo. "Auta, ke ce kan injin. Kuɗin da ya biya, nasa ne ko na banki?"

Ba ta taɓa yi wa Baffa ƙarya ba. Mutumin da ya sayar da hanyar abincinsa don kada a jefa su titi. Ta buɗe baki, kuka ya riga maganar fitowa.

"Na banki ne, Baffa. Amma wallahi yaudararsa aka yi. Ku tambayi wanda ya kai masa takardun har rumfa."

Baffa ya dubi Ɗan Banki. Shi kuwa ko gezau.

"Ranka ya daɗe, aikina ne in buɗe wa mutane kati, shi ya nema na taimaka. Abin da ke cikin asusun mutum kuma amana ce, ba zan iya magana a kai ba. Nawa katin na aiki ne, kafin wata ya mutu nake biya, ba a taɓa bina ruwa ba."

"Zan zo kanka," in ji Baffa.

Umma ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, fara'arta na gushewa. "Wai me kuke cewa ne? Wane bashi kuma? Ba kiredit ba ne?"

A daidai lokacin wata ƙaramar motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar shago. Injiniya ya sauko daga baya, rigar aikinsa duk mai. Shi da direban suka sauke firjin, suka sauke murhun, ya rungumo tukwanen da kansa. Masu shagunan layin duk sun fito suna kallo, har da masu nuna shi da baki. Ya ajiye kayan, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban Baffa, kansa a ƙasa.

Auta ta ji sonsa ya cika mata ƙirji har yana mata zafi. Ya zo. Ya ratsa kasuwa da kunyarsa a ka, saboda ita.

"Baffa, na yi kuskure," ya ce. "Na dawo da kayan."

Umma ta ja tsaki ta kawar da kai, amma Baffa ya daɗe yana kallonsa.

"Wa ya ce ka dawo da su?"

"Ita ce ta ba ni shawara. Ni kuma na ga gaskiyarta."

"Auta, ana iya mayar masa da kuɗin?"

"Ana iyawa, Baffa. Yanzu ma."

Ta ɗauko injin. Ya miƙo mata katin, wannan karon a fili. Ta danna, ta jira, takarda ta fito. Ta ce zai ɗan ɗauki kwanaki kafin ya nuna a wurin banki, amma ya tafi.

Baffa ya gyaɗa kai. "Yaro, na rantse ba zan ba mai bashin banki 'yata ba, kuma ba zan karya ba. Amma wanda ya faɗa rami ya fito da ƙafarsa, ba zan mayar da shi ciki ba. Auta, kawo almakashi."

Ta tashi da gudu har tana tuntuɓe da kwali. Ta kawo wanda suke yanka igiya da shi, ta miƙa wa Injiniya, tana dariya tana kuka.

"Ka yanka katin a gabana," in ji Baffa. "Amma kafin ka yanka, ka dube ni ka ce bayan wannan da aka mayar, babu ko sisin banki da ya rage a kanka. In ka faɗa, na ba ka ita yau, ba sai ƙarshen mako ba."

Injiniya bai karɓi almakashin ba.

Auta ta ƙara matso da shi kusa da hannunsa. "Karɓi mana. Faɗa masa."

Bai dube ta ba. Idonsa na kan Ɗan Banki, wanda ke can yana kaɗe wata ƙura daga gwiwar wandonsa.

"Injiniya," ta ce, muryarta ta koma ƙarama. "Faɗa masa babu."

"Akwai," ya ce.

Sai a lokacin ya juyo ya dubi Auta.

"Na kama mana gida, Auta. Mai ɗaki biyu, da famfo a ciki, kusa da nan don kada ki yi nisa da Umma. Na biya hayar shekara da katin. Na je wurin mai gidan kafin in taho nan, na roƙe shi har da durƙuso. Ya ce kuɗin haya ba ya dawowa."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullai biyu a ɗaure da jan zare, ya riƙe su a tafinsa, bai san wa zai miƙa wa ba.

Baffa ya miƙe, ya zura takalmansa. Bai ɗaga murya ba.

"Da ka yi min ƙarya, da yanzu kana da mata. Na gode da ba ka yi ba. Amma na rantse." Ya juya ga Auta. "Ajiye almakashin nan, ki ɗauko jakarki. Gidana za ki koma da zama daga yau."

"Baffa, don Allah ku ba shi zuwa ƙarshen wata. Akwai kuɗin aikinsa a otal, za su biya shi."

"Af, otal ɗin nan?" in ji Ɗan Banki, yana laluben makullin motarsa. "Ai na ji mai shi ya yi tafiya, ba a san ranar dawowarsa ba." Ya buɗe wa Baffa ƙofar gaba. "Ranka ya daɗe, bari in kai ku."

Auta ta shiga bayan motar don babu yadda za ta yi. Da suka ɗaga ta waiwaya ta gilashi. Yana nan durƙushe a inda suka bar shi, tsakanin firji da tukwane, da makullan a hannu, Umma kuma tana tsaye a kansa tana tambayarsa wa zai biya ta yankan da aka yi mata.